Ƙwanji, teɓa ko numfashi: wane jiki ɗan dambe mai nauyi zai nema?

Ɗan yayata da ke Mabera ya kai shekara 19. Allah ya ba shi tsawo da kaurin ƙashi, sikeli kuma ya nuna ya haura kilo 95. Damben zamani yake son shiga, amma wata uku ke nan ana juya shi kamar waina a tanda. Abokansa sun ce ya tafi gidan ɗaga ƙarfe ya fito da ƙirji irin na Anthony Joshua. Wani maƙwabcinsu ya ce ya daina wahalar da kansa, ya ci ya ƙoshi, ai Andy Ruiz da tumbinsa ya shimfiɗe Joshuan. Wani tsohon soja da ya yi dambe a bariki kuma ya ce duka biyun shirme ne, ya nemi igiya da takalmin gudu. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tare ni ya ce, "Kawu, kowa da abin da shika hwaɗa min. Wane za ni bi?"

A sauran azuzuwan dambe wannan gardama ba ta tasowa, domin sikeli ke mulki. Kowane aji da iyakar nauyinsa, dole mutum ya ƙone kitse kafin ranar awo, shi ya sa za ka gan su duk a tsuke. Ajin masu nauyi kuwa yana da mafari amma ba shi da maƙura. Da zarar ƙwararren ɗan dambe ya wuce fam 200, wato kilo 90.7, ko da ya kai kilo 130 babu mai hana shi shiga fili. A nan ne kaɗai mai ƙwanji da mai teɓa da ɗan tsaka-tsaki ke haɗuwa suna neman kambu ɗaya.

Abin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi: me za ka riƙa kashewa duk wata. Na biyu daɗewa, kuma iri biyu ce: turmi nawa jikin zai kai ka kafin ya ce ya gaji, da shekara nawa za ka yi kana cin moriyarsa. Ka tuna damben kambu turmi 12 ne, kowane minti 3, hutun minti ɗaya a tsakani. Minti 36 ke nan ana neman kanka. Na uku sauƙin bi a nan Sakkwato, inda daga Maris zuwa Mayu zafi ke haura digiri 40. Na huɗu haɗari ga lafiya. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, me jikin yake ƙara maka idan an buga ƙararrawa.

Hanya ta farko: jikin ƙarfe

Ita ce mafi tsada. Akwai kuɗin wata na gidan motsa jiki, sannan tsoka ba ta ginuwa da tuwo kaɗai, sai ƙwai da nama da madara da wake a kai a kai. Wanda ya kai ga garin furotin na gwangwani kuwa ya ɗaura aljihunsa a wutsiyar dala. Ana iya rage kuɗin ta hanyar zuba siminti a gwangwanaye biyu a soka rodi, kamar yadda samari ke yi a lunguna, amma cikin ba ya karɓar dabara.

Wajen sauƙi, tana da abin da sauran ba su da shi: ana ganin sakamako. Wata huɗu riga ta fara matse damtse, 'yan unguwa sun fara kiranka ƙato. Wannan ne ke jan samari, ni ma ban ga laifinsu ba.

Matsalar tana wajen daɗewa. Tsoka injin ce mai shan mai. Duk wadda ka ƙara sai zuciya ta aika mata jini, huhu ya aika mata iska. Wadda aka gina don ɗaga abu mai nauyi sau takwas a ajiye, ba ita ce ake bukata don jefa naushi ɗaruruwa ba. Idan aka yi nisa sai damtse ya cika tam, hannu ya yi nauyi, ya fara sauka daga fuska, haɓa ta fito fili. Frank Bruno na Ingila shi ne misalin da masana dambe ke yawan kawowa. Jiki kamar an sassaƙa. A 1984 yana gaba da maki nesa ba kusa ba, James Smith ya kwantar da shi a turmi na 10, na ƙarshe. A 1986 a Wembley, Tim Witherspoon, wanda teɓarsa ke rawa a saman wando, ya gama da shi a turmi na 11. Kafin su akwai George Foreman a Kinshasa, Oktoban 1974: yana da shekara 25, babu wanda ya kai shi ban tsoro, ya yi ta jibgar hannuwa da haƙarƙarin Muhammad Ali har ƙarfinsa ya ƙare, Ali ya kayar da shi a turmi na 8. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kada a ce na ce ƙwanji cuta ne. Evander Holyfield jikinsa a murɗe yake, kuma ya sha kai turmi 12 yana musayar wuta. Shi kansa Joshua ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, kuma a Afrilun 2017 Wladimir Klitschko ya kai shi ƙasa a turmi na 6, ya tashi, ya lallaɓa har numfashi ya dawo, ya gama da shi a na 11. Waɗannan 'yan dambe ne da suka ƙara ƙarfe a kan dambe. Wanda ya fara da ƙarfe yana jiran dambe ya zo daga baya, lissafinsa daban ne.

Kuma naushi ba a damtse yake ba. Daga juyin ƙugu da kafaɗa yake fitowa, da sauri, da sanin lokacin sakinsa. Deontay Wilder ƙafafunsa kamar karan dawa, kilo 96 kacal ya auna a Disamban 2018, amma sau biyu ya kai Tyson Fury ƙasa a daren. Francis Ngannou ɗan Kamaru kuwa, wanda jikinsa ya fi na kowa kyan gani, turmi 2 Joshua ya ba shi a Maris ɗin 2024.

Haɗarinta: ciwon kafaɗa da na baya ga mai ɗaga ƙarfe ba malami, sai babban, allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka da ake raɗa wa yara a kunne. Suna taɓa hanta da zuciya, suna hawar da jini, suna rage ƙarfin haihuwa. Idan an gwada ɗan wasa aka same su a jininsa kuma, dakatarwa ce.

Hanya ta biyu: a bar jiki da nauyinsa

Ba zan manta daren da Ruiz ya shimfiɗe Joshua ba, don a goman ƙarshe na azumin 2019 ne. A birnin New York daren 1 ga Yuni ne, mu nan kuwa asubahin 2 ga wata, daidai lokacin sahur. Muna zaune a ƙofar gida mu shida a kan waya ɗaya, kwanon fura a tsakiya. Da aka nuno Ruiz ya tuɓe riga, ɗaya daga cikinmu ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "Wanga ai mai saida shinkahwa na, wa yak kawo shi nan?" A turmi na 3 Joshua ya kai shi ƙasa, muka ce an gama. Sai ga mutum ya miƙe, kafin turmin ya ƙare ya kayar da Joshua sau biyu. A na 7 ya ƙara biyu, alƙali ya tsayar da wasa. Har aka kira assalatu babu wanda ya koma kan furar. Ruiz kilo 121 ya auna a lokacin, Joshua 112, ga shi Joshua ya ba shi ratar tsawo sosai.

Wannan dare shi ne dukan hujjar maƙwabcin ɗan yayata. Abin da bai faɗa ba shi ne, Ruiz tun yana yaro ƙarami yake dambe, ya yi wasanni sama da 100 kafin ya zama ƙwararre, tun da ya zama ƙwararren kuma sau ɗaya tak aka taɓa cin sa kafin ranar, shi ma da maki, a hannun Joseph Parker a 2016. Makonni shida kafin ya haɗu da Joshua ya yi wani dambe ya ci, wato jikinsa na cikin horo. Hannunsa kuma ya fi na Joshua sauri. Teɓar riga ce kawai a kan injin da aka shekara ashirin ana gyarawa. Inda kitse ke taruwa a jikin mutum yawanci gado ne. Ba ya gaya maka girman zuciya ko faɗin huhu. Haka Fury, mai tsawon fiye da mita biyu da cinyoyi sirara da kitse a kwiɓi, wanda ya tashi a gidan dambe. Kama da wane ba ta wane.

Nauyi yana da amfaninsa, ba a musu. A Fabrairun 2020 Fury ya shigo da kilo kusan 124, Wilder 105. Duk lokacin da suka rungumi juna sai Fury ya sakar masa nauyinsa a wuya da kafaɗa, har ƙafafun Wilder suka mutu, aka jefo tawul a turmi na 7. Amma da gangan ya ƙara nauyin, da dabarar da zai yi da shi.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya tsaya. Wata shida bayan wancan daren na New York, 7 ga Disamban 2019, aka sake haɗa Ruiz da Joshua a Diriyya ta ƙasar Saudiyya. Ruiz ya hau sikeli da kilo kusan 129, ƙarin kilo 7. Joshua ya sauko zuwa 107 da rabi, ya zubar da kusan kilo 5, yawanci tsoka. Turmi 12 Joshua na zagaya shi yana zungurarsa da hagu, Ruiz na bin sa ya kasa cim masa. Bayan wasan da bakinsa ya amsa cewa bai yi horo yadda ya kamata ba, shagali ya ɗauke masa hankali. Irin wannan ta faru da Buster Douglas: da kilo 105 ya kayar da Mike Tyson a Tokyo a Fabrairun 1990, bayan wata takwas ya zo wa Holyfield da kusan 112, aka kwantar da shi a turmi na 3.

Ashe jiki yana magana, mu ne muke yi masa tambayar da ba ita ba. Idan ka jera Ruiz da Joshua ka ce wa ya fi kyan jiki, ba abin da za ka gano. Idan ka jera Ruiz na Yuni da Ruiz na Disamba, ka gano komai. Ɗan dambe da kansa ake kwatanta shi: nawa ya auna a ranakun da ya fi kyau, nawa ya auna yau.

A kuɗi wannan hanya kamar ita ce mai arha, tunda ba a biyan kowa, sai dai kuɗin na tafiya ta baki. A sauƙi babu kamarta. Haɗarinta kuwa shi ne mai bin mutum har bayan ya bar dambe: hawan jini, ciwon suga, gwiwoyi. A zafin Sakkwato kuma mai kitse ya fi kowa wahalar huce jiki. Mafi muni shi ne masu neman nauyi da ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu ruwa suke tarawa a jiki, fuska ta kumbura, tsoka da ƙashi su yi rauni, suga ya hau. Sikeli zai motsa, ƙarfi ya ragu.

Wani abin dariya a gefe: asali ba Ruiz ne zai kara da Joshua a wancan dare ba, Jarrell Miller ne, wani ƙato mai nauyin da ya kai kilo 135 zuwa sama, wanda babu mai kallonsa ya ce ga ma'abocin allura. Shi aka kama da haramtattun magunguna har iri uku. Ko wannan ma ido ba ya ganewa.

Hanya ta uku: numfashi da ƙafa

Oleksandr Usyk ɗan Yukren, idan ka gan shi cikin riga ba za ka waiwaya ba. Daga ajin da ke ƙasa ya hauro, nauyinsa bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba. Ya ci Joshua a Landan a Satumban 2021, ya sake cin sa a Jidda a Agustan 2022. Ya ci Fury a Riyad a Mayun 2024 yana da shekara 37, Fury ya fi shi da kilo kusan 18, ya maimaita a Disamba. Duka huɗun sai da aka kai turmi 12, kuma a yawancinsu daga tsakiya zuwa ƙarshe ne yake ƙwace wasan, lokacin da manyan suka fara buɗe baki suna haki. Kafin shi an yi Larry Holmes, mai jiki ba yabo ba fallasa, wanda ya ci Ken Norton mai jikin ƙarfe a turmi 15 a 1978, ya riƙe kambu har 1985.

Kayanta su ne mafi arha: igiya, takalmi, bandejin naɗe hannu, robar baki, safar dambe, da buhun duka. Buhun kada a cika shi da yashi zalla, yana daskarewa kamar dutse ya lalata wuyan hannu. A haɗa da tsummoki. Abin da ke da wuyar samu ba na kuɗi ba ne: malamin da ya san dambe, da abokin gwaji mai girmanka. Yaro mai kilo 95 zai iya zagaye unguwanni da yawa bai sami wanda zai tsaya gabansa ba.

Ita ce mafi wuya, kuma ba ta da ɗan kallo. Wata shida kana yi babu wanda zai ce ka canja. Lokacinta bayan sallar asuba ne, kafin rana ta fito, ko a kewayen filin wasa na Giginya ko a kan hanyar da ba motoci. Gudun ma ba na sannu-sannu kaɗai ba, don dambe ba tafiyar fatake ba ce: a tsinke da gudu, a sassauta, a sake tsinkewa, kamar yadda turmi yake. Haɗarinta ciwon ƙwauri da gwiwa ga mai nauyi da ke gudu a kan kwalta, da bugun zafi ga wanda ya yi gangancin fita da hantsi a watan Afrilu ba ruwa. Gwajin dambe mai tsanani kullum kuma kai yake ci; sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. A faɗi gaskiya kuma, numfashi ba ya hana haɓa jin naushi. Ƙaramin da bai iya kaucewa ba, ƙato zai take shi tun kafin a kai inda numfashin zai yi amfani.

| Ma'auni | Jikin ƙarfe | Jikin nauyi | Numfashi da ƙafa |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mai yawa, duk wata | Kaɗan a ido, abinci ke ci | Kaɗan, sayen kaya sau ɗaya |
| Daɗewa a fili | Ƙarfi a farko, haki daga tsakiya | Ya dogara da horon da ke ƙarƙashi | Har turmin ƙarshe |
| Daɗewa a shekaru | Yana zubewa in an daina | Yana cin gwiwa da zuciya | Ya fi jimawa |
| Sauƙi a Sakkwato | Matsakaici | Mafi sauƙi | Mafi wuya |
| Haɗari | Kafaɗa, baya, allura | Hawan jini, suga, zafi | Ƙwauri, bugun zafi |
| Amfani a dambe | Ture abokin karawa, riƙe shi | Danne shi, gajiyar da shi | Sarrafa tazara, cin maki |

Akwai wani tsohon barunje a kasuwar Kara da ya ɗaura zare a ƙuruciyarsa. Na taɓa tambayarsa yadda yake gane yaron da zai yi kisa tun kafin a shiga fili. Ya ci gaba da wasa wuƙarsa, bai ɗago ba, ya ce, "Alhaji, ragon layya aka saye da ido. Ɗan dambe kunne aka sa mai." Wai ya tsaya kusa da yaro bayan turmin farko ya saurari numfashinsa. In baki a rufe yake, yana iya amsa magana, to akwai saura. In ya dafa gwiwa yana jan iska kamar zugazugi, ko ƙirjinsa ya kai faifai ya gama. Bayan kunne sai ya dubi wuya da ƙafa, ƙirji ne na ƙarshe. Masu horar da 'yan damben zamani ma abin da suke aunawa ke nan, yadda bugun zuciya ke sauka a cikin minti ɗayan hutu.

Sai dai a lura, damben gargajiya lissafinsa ya ɗan bambanta. Turmi uku ne, hannu ɗaya ke duka, kuma da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. A can nauyi da naushi guda sun fi tsada fiye da a damben turmi 12.

Wa ya dace da wace

Wanda burinsa riga ta zauna masa, ko aikin gadi da rakiyar manya yake nema, ya tafi gidan ƙarfe, ya guji allura, kada kuma ya ɗauka ya zama ɗan dambe.

Siririn da ya iya dambe amma ana ture shi kamar kara, ya ƙara ƙarfe kwana biyu a mako, ya fi ba ƙafa da baya da wuya muhimmanci a kan ƙirji.

Mai jiki tun na haihuwa, wanda ya riga ya iya hannu, kada ya kashe kansa da yunwa don neman cikin da ba gadonsa ba ne. Ya gano nauyin da ya fi jin daɗin motsi a kansa, ya rubuta shi, ya tsare shi. Foreman da ya dawo da tumbi ya karɓi kambu a hannun Michael Moorer a 1994 yana da shekara 45, amma ya koyi tattalin ƙarfinsa ne, abin da bai iya ba a Kinshasa.

Mai niyyar damben gargajiya ya riƙe nauyinsa, ya gina ƙafa da ƙugu, ya yi gajeren gudu mai zafi.

Mai kuɗin da ke son ɗaukar nauyin yaro kuwa, kada ya zaɓa daga hoto. Ya sa a yi turmi huɗu a gabansa, ya matsa kusa a na uku.

Sabon shiga irin ɗan yayata, hanya ta uku ce tasa, shekara guda cur kafin ya taɓa ƙarfe mai nauyi. Da ya yi mini gardama sai na rataye masa buhu a bishiyar dogon yaro ta gidansu, na riƙe agogo, na ce turmi uku kawai nake so, minti uku-uku. Na farko ya yi shi kamar zai fasa buhun. Ana minti ɗaya da rabi a na biyu ya rungume shi yana haki, ya ce, "Kawu, agogon ga naka lahiya shike?" Yanzu da asuba yake fita. Duk Juma'a yana hawa sikelin wani kemis a unguwarsu ya turo mini lambar, ni kuma ina rubutawa a bayan kalanda, kusa da adadin turmin da ya kai a makon.